Magadan Thyra Ashirin da Shida

Shekara arba'in da ɗaya muka yi muna maƙwabtaka da Thyra Kjeldgaard, shingen katako kawai ya raba gidajenmu a ƙauyenmu na bakin teku, yammacin Jylland. Ba ta taɓa haihuwa ba. Mijinta Ejnar masunci ne, teku ta tafi da shi tana da shekara talatin da biyu, ba ta kuma sake aure ba. Aikinta gyaran kifi a masana'antar da ke tashar jiragen ruwa, har sanyi da gishiri suka lanƙwasa mata yatsu.

Shekara guda bayan rasuwar Ejnar, ƙaramar hukuma ta nemi wanda zai riƙe wata yarinya na mako biyu, uwarta tana asibiti. Thyra ta karɓa. Yarinyar ta yi shekara tara a gidan. Daga nan aka gane ƙofarta. Duk yaron da ya gagari kowa, duk wanda aka kwaso daga hannun iyaye mashaya masu duka, wurinta ake kawo shi. Ba ta da daɗin baki. Baƙin burodi da dankali da kifi ne abincin gidan, kuma kowa sai ya wanke kwanon da ya ci. Amma ban taɓa jin ta ce ta gaji da wani ba.

Wata safiya, tana da shekara tamanin da uku, ta leƙo ta saman shinge.

"Bodil, sa takalmi ki kai ni gari. Lauya zan ɗauka."

"Lauya kuma? Wa kika kashe?"

"Ni ce zan mutu, sarkin surutu. So nake in bar komai a shirye."

Lauyan, Torkil Hessel, bai wuce shekara talatin da biyar ba. Ya zuba mana kofi, ya duba takardunta, ya yi mata bayani a tsanake: tunda ba miji ba ɗa, in ba ta bar wasiyya ba, gidan zai koma hannun 'ya'yan ƙanenta da ke Aarhus.

"Waɗannan suna da gidajensu, har da na shan iska," in ji ta.

"To wa kike so ya gaje ki?"

"'Ya'yana."

Ya sake duba takardar. "Amma a nan an ce ba ki da..."

"Takarda ce ta ce. Kai dai ɗauki alƙalami, ɗan nan."

Sai ta rufe ido ta fara. Sunan kowa da na ubansa, ranar haihuwarsa, ranar da aka kawo mata shi, garin da yake yanzu da layi da lambar gida. Ba ta riƙe da ko guntun takarda. Direbar jirgin ƙasa, malamin makaranta, mai yin burodi a Norway, biyu a gidan masu taɓin hankali, ɗaya a kurkuku. Uku sun rasu, sai ta ba da sunayen 'ya'yansu. Kofi ya huce a gabanmu. Da ta kai na ashirin da shida ta buɗe ido, lauyan ya cika shafi huɗu, yana kallonta baki buɗe. Ni ma da nake ganin na san ta, jikina ya yi sanyi. Daga baya ya gaya mini ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya a rajistar hukuma, bai sami kuskure ko na lamba ɗaya ba.

Ya ce mata gida ɗaya ba ya rabuwa kashi ashirin da shida, sai dai a sayar.

"Ba za a sayar ba. Duk wanda duniya ta yi wa zafi a cikinsu, ya zo ya kwanta, kada kowa ya tambaye shi dalili. Abin da nake so ke nan. Kai ka yi karatun, nemo hanya."

Mako uku ya yi yana nema. Ya kafa musu ƙungiya, gidan zai zama nata, su ashirin da shidan da zuriyarsu ne 'ya'yan ƙungiyar. Da muka koma, ya ce saura a zaɓi mutum ɗaya da zai riƙe mabuɗi ya kula da gidan. Ya ba da shawarar malamin makarantar.

"Preben," in ji Thyra.

Na dafe ƙirji. Preben ne na kurkuku. Yana ɗan shekara goma sha shida ya cinna wa rumbun Ejnar wuta, ragar kamun kifi da hotuna da duk abin da mamacin ya bari suka ƙone ƙurmus. Tun daga ranar bai sake taka ƙauyen ba. Na gaya wa lauyan haka a gabanta.

Ya juya wajen Thyra. "Ki yi haƙuri, Inna," in ji shi, "aikina ne in tambaya. Me ya sa sai shi?"

"Sauran duk sun san gidansu ne. Shi kaɗai ne bai yarda ba. Ni na faɗa masa na gaji da faɗa. In ya gani da hatimin hukuma, wataƙila ya yarda."

Torkil ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Sannan ya rubuta sunan.

Ta rasu bayan shekara biyu, cikin bazara, a kan kujerarta. Torkil da kansa ya rubuta wasiƙu ashirin da shida. Ranar jana'iza cocinmu, wanda in an sami mutum goma sha biyar ranar Lahadi an gode Allah, ya cika har waje. Manyan mutane masu furfura suna gaisawa suna tambayar juna, "Kai wane ɗaki ka kwana? Wace shekara?" Da yawansu ba su taɓa haɗuwa ba. Su shida suka ɗauki akwatin gawar, wasu shida suka karɓa a ƙofa, haka suka yi ta karɓa-karɓa har bakin kabari don kowa ya sa hannu.

Preben, wanda aka sallama daga kurkuku wata huɗu kafin nan, ya tsaya can bayan katangar maƙabarta. Lauyan ya taka har inda yake, ya karanta masa sakin layin wasiyyar da ke ɗauke da sunansa. Preben ya ce a sake karantawa. Aka sake. Ya karɓi takardar ya bi ta da yatsa, sai ya durƙusa a kan ciyawa, ƙaton mutum ɗan shekara hamsin, ya rufe fuska da tafukansa.

Yau shekara bakwai yana gidan. Ya sake rufin, ya shuka kabeji a baya. Makon jiya na ga wata mata da ban sani ba tana shanya kayan jarirai a tsakar gidan. Na tambayi Preben ta saman shinge ko wace ce.

"Ban tambaye ta ba, Inna Bodil," in ji shi, ya ci gaba da fasa itacensa.