Mutumin da Ya Tsaya a Tsakiyar Coci

Duk wanda ya tashi a Rafin Laurel, nan cikin duwatsun Kentucky, ya san Nadine Sizemore, kuma abin da aka fi sanin ta da shi shi ne rashin iya ƙare waƙa. Shekara da shekaru ita ce mai buga fiyano a cocinmu. In ta kai baitin ƙarshe sai ta sake komawa farko, har naman da mata suka baro a kan wuta ya kama. Yara suna yi mata dariya. Manya ba sa yi, don sun san dalili, ko in ce suna zaton sun sani.

Mahaifinta a ramin kwal ya ƙare rayuwarsa, da tari kamar sauran iyayenmu. Tana shekara bakwai ta fara taɓa fiyanon coci, ƙafarta ko ƙasa ba ta kaiwa. Da haka za ta tsufa shiru-shiru, ba don Dwight Caudill ya dawo daga soja a 1974 da gashi har kafaɗa da jita mai lantarki da sabuwar tuba ba. Ya jawo Hershel mai gyaran taya ya ɗora shi a kan ganguna, ya je har gida ya roƙi uwar Nadine ta ba su aron 'yarta. Suka sa wa kansu suna Fitilar Rami.

Kiɗan rok suke yi, mai sa gilashin taga rawa, amma duk waƙoƙin na Yesu ne. Dattawan coci suka tashi tsaye. Wani ya tare Dwight a bakin shago ya ce, "Kai yaro, wannan kiɗan Shaiɗan ne ka shigo mana da shi gidan Ubangiji."

Dwight ya ce, "Baba, ni dai na ga jikokinka uku a layin gaba ranar Asabar. Yaushe rabonka da ganin su a coci?"

Dattijon ya tofar da tabar da yake taunawa ya wuce.

Suka sayi tsohuwar motar kai burodi, suka yi mata fenti, suka shiga yawo daga coci zuwa makaranta zuwa rumfar taro. Sun buga faifai biyu. Na farkon har yanzu akwai shi a gidaje, galibi a ƙasan akwati.

Duk hayaniyar da za su yi, ƙarshen taro ɗaya ne. Jita ta yi shiru, ganga ta yi shiru, a bar fiyano kaɗai yana tafiya a hankali, Dwight ya kira duk mai son ba da ransa ga Almasihu ya taso ya zo gaba. A nan akwai ƙa'idar da kowa a ƙasarmu ya sha a nono: muddin akwai mutum a tsaye a hanyar da ta raba kujeru, ba a tsayar da kiɗa. Mai tuba kunya yake ji, kiɗan ne ke rufa masa asiri har ya iso. Wannan aikin na Nadine ne, kuma tana ji da shi ƙwarai.

Wata Lahadi da yamma a watan Oktoba na 1978 suka yi wasa a wani ƙaramin coci a bayan dutse, wurin Fasto Begley. Ana yayyafi. Mutum shida suka taso, aka yi musu addu'a, suka koma suka zauna. Sai ƙofa ta buɗe, wani dogon saurayi ya shigo da rigar aiki a jiƙe. Ya taho har tsakiyar hanya ya tsaya, ya cire hularsa yana murzawa. Nadine ta koma farkon waƙa.

Dwight ya ce, "Taho, ɗan'uwa. Taku goma ne ya rage maka."

Saurayin ya buɗe baki ya rufe. Bai kalli Dwight ba, bai kalli fasto ba. Hannuwan Nadine yake kallo. Ta ɗauka kiɗan ne ya taɓa shi, sai ta ƙara zuba masa, tana addu'a a zuci. Mata suka fara kuka. Sau biyar ta zagaya waƙar, kusan minti ashirin. Daga nan ya mayar da hularsa, ya juya, ya fita.

Kafin su gama naɗe wayoyi labari ya iso. Motar kwal ta buge wani mai tafiya a ƙasa a kan kwana, mil ɗaya daga cocin. Saurayin nan ne, sunansa Virgil Napier. Fasto Begley ya samu abin wa'azi, kuma bai sake shi ba har ya mutu: saurayin da aka kira sau biyar ya ƙi, kafin faɗuwar rana ya tsaya gaban Mahaliccinsa. Na ji wannan wa'azin ya fi sau goma, ban taɓa son sa ba.

Nadine ba ta ɗora wa Virgil laifi ba, kanta ta ɗora wa. Ta ce da ta iya kiɗa da gaske, da ya ƙarasa takun nan goma.

Mako biyu bayan haka, a wani gari daban, ta ɗaga kai lokacin kira ta ga Virgil. Yana tsakiyar hanya, hula a hannu, ruwa na ɗiga daga gwiwar rigarsa. Ba ta tsayar da kiɗan ba, don ai ba a tsayawa. Sai da Dwight ya zo ya dafa kafaɗarta ya yi addu'ar rufewa da ƙarfi, mutane suka miƙe suka cika hanyar, ta daina ganin sa.

Tun daga ranar bai taɓa fashi ba. Ba ya zuwa lokacin jita da ganga, ba ya bin ta gida, ba ya zuwa mata a mafarki. Sai an bar fiyano shi kaɗai. Bai taɓa matsowa ko da taku ɗaya ba, idonsa kullum a kan hannuwanta, bakinsa a ɗan buɗe. Wata rana a wata makaranta ta ji mai shara yana mita, wai wane ne ya shigo da jiƙaƙƙen takalmi alhali an yi sati ba a ga hadari ba. Ta je bayan mota ta yi amai.

A ranta ta yanke cewa an ba shi dama ta biyu ne, kuma a hannunta damar take. Saboda haka kiran ya riƙa tsawo. Minti goma ya zama ashirin. Coci-coci suka fara jan ƙafa wajen gayyatar su. A 1983, a wani zauren taro a Tennessee, ta yi minti arba'in tana bugawa har kujeru suka zama wayam. Hershel ya ajiye sandunansa.

Ya ce, "Nadine, don girman Allah, wa kike yi wa? Mai kulle ƙofa ne kaɗai ya rage, shi ma dattijon coci ne, ya daɗe da tuba."

Ta ce, "Akwai mutum a tsaye."

Hershel ya waiga ya dubi hanyar, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ni dai taya zan koma gyarawa. Ita in ta yi faci ina ganin ramin da idona."

Ƙarshen Fitilar Rami ke nan. Dwight ya aske gashi ya zama fasto a wata jiha. Nadine ta kama aikin girki a makarantar firamare, ta ciyar da rabin garin nan da wake da burodin masara. Masu neman aure sun zo, har biyu, ta sallame su da fara'a. Lahadi kuwa tana kan fiyano, mu kuma muna zaune cikinmu na ƙugi.

Lahadin ƙarshe ta watan Mayu kowa yakan je maƙabarta ya share kabarin danginsa ya sa furanni. Dangin Virgil sun yi ƙaura zuwa Ohio tun shekarar da ya rasu, don haka Nadine ce ke tsallaka dutse ta share nasa. A 2015 ta je da tsintsiyarta ta tarar da wata tsohuwa mai sanda a tsaye a wurin.

Tsohuwar ta ce, "Ashe ke ce mai share shi. Ni ce Opal, yayarsa. Ke 'yar gidan wa ce?"

Nadine ta ce, "Ni ce na buga fiyano ranar." Ta ƙara da cewa, "Na kasa kawo shi gaba, 'yar'uwa. Ki yafe mini."

"Gaba ina?" in ji Opal. "Yaron da aka yi wa baftisma a rafi yana shekara tara? Ai har ke kin hau wa'azin Begley? Na je har gidansa na faɗa masa gaskiya, ya ce baƙin ciki ne ke sa ni surutu. Shi ya sa muka bar garin."

Ta zauna a kan dutsen kabarin da ke kusa, ta ajiye sandar.

"Ina cikin motarsa a waje ranar. Ya zo ɗaukata ne ya sauke ni gida ya wuce aikin yamma. Kafin in fito daga gidan ƙawata da ke kusa da cocin, motar burodinku ta tare tasa a bakin coci. Ya makara sau biyu a watan, in ya ƙara za a kore shi. Na ce shiga ka faɗa musu mana. Virgil in'ina gare shi, kalma ɗaya sai ya yi gumi. Kuma uwarmu ta hore mu, ba a magana a coci ana kira. Ya fito ya ce mini, 'Opal, na jira ta gama, ta ƙi gamawa.' Sai ya ce bari ya taka da ƙafa ko zai samu mai rage masa hanya."

Nadine ta tsaya da tsintsiya a hannu. Opal ta dube ta ta ce, "Ke, zauna mana, kin yi fari fat."

Da yamma aka yi sujada a ƙaramin cocin, kamar kowace shekara. Mai buga musu fiyano ba ta zo ba, aka roƙi Nadine. Ina wurin, kujera ta uku. Da aka zo kira ta fara waƙar a hankali, ta ɗaga kai ta dubi tsakiyar hanya. Mu ba mu ga kowa ba. Ana tsakiyar baiti, sai kawai ta ɗauke hannuwanta ta ajiye a cinya.

Ban taɓa jin shiru irin wannan a coci ba.

Ta ce, "Na gama, Virgil. Faɗi. Kada ka yi sauri."

Muka zauna kamar an dasa mu. Tana kallon wuri ɗaya tana gyaɗa kai a hankali, yadda ake yi wa mai in'ina don ya samu ya fitar. Ya kai minti biyu. Can ta ce, "To. Ka yi haƙuri, mun tsare ka." Idonta ya bi hanyar sannu a hankali har bakin ƙofa, sannan ta rufe fiyanon.

A waje Opal ta riƙe hannunta ta ce, "Me ya ce miki?"

Nadine tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Ta ce, "Cewa ya yi, 'Motarku ta tare ni.' Shi ke nan fa, Opal. Shekara talatin da shida yana tsaye yana jira in yi shiru, ni kuma ina ta ƙara masa baiti."