Shafin da Na Tsallake

Akwai wata Juma'a a Dubai da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Ba riba na ci a ranar ba, ba kuma asara na tafka ba. Takarda ce kawai aka miƙo mini in karanta wa mutanen garinmu, ni kuma na ci amanar karatun.

A shekarun dubu biyu da 'yan kai ne, lokacin ina zaune a Deira ina harkar kago. 'Yan kasuwa su zo daga gida su sayi atamfa da takalma da wayoyi a Murshid Bazaar, ni in tattara kayan in sa a ɗaure, in tura ta jirgi ko ta kwantena. Mu 'yan gari ɗaya daga Nijar ba mu da yawa. Akwai masu shago, akwai direbobi, akwai leburori da ke kwana a Al Quoz. Duk Juma'a bayan masallaci mukan taru a siton wani Alhaji, wanda shi ne babbanmu, mu ci shinkafa a tire ɗaya mu ji labarin gida. Da yake ni na fi zurfi a lakwal, wato makarantar boko, Mushe suke kirana, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu, kuma duk takardar da ta zo da Faransanci ta hannuna take bi.

A shekarar ba a daɗe da zaɓen magajin gari da kansiloli a garinmu ba, sai suka tsara kasafin kuɗin makarantu. Magatakardan ƙungiyarmu na gida ya turo mana kwafi ta fakis, ya ce magajin gari yana son jin ta bakinmu kafin majalisa ta zauna. Dalili kuwa, yawancin shagunan bulo na kasuwa namu ne mu mazauna waje, kansilolin kuma ƙannenmu ne da surukanmu. In muka ce a'a, da wuya abin ya wuce.

Ni na je na karɓo takardar a wani shagon waya kusa da tashar bas ta Al Sabkha, na karance ta a tsaye. Shafi huɗu ce. Ukun farko sun ce za a gina azuzuwan bulo, a sayi bencina, a gyara rufin da iska ta yaye. Kuɗin aikin kuma za a same su ta ƙara patanti, wato harajin sana'a, a kan shaguna da teburan kasuwa, da ƙarin haraji a kan gidajen siminti. Shafi na huɗu gajere ne. Ya ce idan majalisa ta ƙi, to makarantar ƙetaren gulbi, wadda rumfunan kara ce kawai, za a haɗe ta da ta cikin gari. Duk ɗan garinmu ya san abin da hakan ke nufi. Tafiyar fiye da awa guda ce cikin rairayi. Yara maza wasu za su jure, 'yan mata kuwa iyayensu ba za su sake su ba.

Ni a lokacin na gama gina shaguna a bakin tashar garinmu, ga sabon gida ko fenti bai bushe ba. Duk ta inda ƙarin ya biyo sai ya same ni. Yau in na tuna, abin da ya fi ba ni kunya shi ne yadda ban sha wata wahala ba wajen shawo kan kaina. Na ce wa zuciyata barazana ce kawai irin ta 'yan siyasa, ba abin da za su rufe. Na ce kuɗin ma cinye su za a yi.

Da aka gama cin abinci ranar Juma'a, Alhaji ya ce yalla, Mushe, karanta mana. Na karanta shafi uku, ina fassarawa dalla-dalla, da na zo kan patanti har da ɗaga murya. Na huɗun na bar shi a ƙasan sauran, na naɗe duka na mayar aljihu. Wuri ya kaure. Wani direba ya ce mu muna nan muna ƙonewa a rana, su suna can suna lissafa guminmu. Alhaji ya ce halas, magana ta ƙare, kowa ya sayi katin waya ya kira ɗan'uwansa kansila, a yi watsi da abin. Aka yi fatiha aka tashi.

A cikinmu akwai wani dattijo mai ɗaurin kaya. Ya kusa sittin, siriri, yatsunsa duk sun yi kanta saboda igiya. Yawancin dilolin da nake turawa gida shi ke ɗaure su, kuma ba a taɓa dawo mini da ƙorafi ba. Bai taɓa shiga aji ba, a taro ma kusa da ƙofa yake zama ba ya cewa komai. A ranar, da muka fito bayan la'asar, sai ya ce in ba damuwa in taka masa zuwa tasha, zai hau bas ɗin Al Quoz.

Muna tafe cikin lungunan kasuwa, shaguna sun fara buɗewa, masu kura suna ta neman hanya. Sai da muka yi nisa da sauran mutane ya rage murya.

"Mushe, in tambaye ka mana. Da ka ciro takardar nan falle huɗu na gani, uku na ji ka karanta. Ko na huɗun sa hannu ne kawai?"

Ya gaya mini cewa tun da aka taɓa sa shi ya dangwala yatsa a wata takardar aiki, daga baya ta zama ba abin da aka faɗa masa ba, ya koyi ƙirga shafi ko da bai san abin da ke ciki ba.

Na lura har ƙofar fita ya buɗe mini. Da na ce i, Baba, sa hannu ne, da ya ce to madalla, shi ke nan. Amma yadda ya tambaye ni, ba zargi ba fushi, shi ya hana ni ƙara wata ƙarya. Na ciro takardar a nan bakin tasha, cikin hayaƙi da ƙarar injina, na karanta masa shafin. Da na gama sai ya ce 'ya'yan ɗiyarsa biyu a makarantar suke, dukansu mata.

Na tsaya ina jiran zagi, don na cancanta. Shi kuwa sai ya ce:

"Ni ba zan gaya wa kowa ba. In na tona ka, gobe wa zai karanta mana? Kai ka fara karatun, kai za ka ƙarasa shi. Abu ɗaya nake roƙo, kar ka ambace ni."

Bas ɗinsa ta zo, ya hau ya bar ni da takarda a hannu. Daga nan ban wuce gida ba. Na koma wurin Alhaji na roƙe shi ya sa a dakatar da kiran waya har wata Juma'a, na ce akwai abin da ya rage. Ya kalle ni ya kalle ni, bai tambaya ba, ya ce to.

Satin nan ban ji daɗinsa ba. Sau da yawa na shirya cewa shafin mannewa ya yi ban gani ba, kuma na san za su yarda. Amma kullum da safe dattijon nan yana zuwa ya ɗaure mini kaya, ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ko da ido bai taɓa tuna mini ba. A gaban mutum irin wannan ƙarya ta biyu ta fi ƙarfina.

Da Juma'a ta zagayo na miƙe tsaye na karanta shafin, sannan na ce musu da gangan na tsallake shi, saboda shagunana. Direban nan ya ce to ashe har a nan ma ana yi mana kasafi a ɓoye. Wani ya tashi ya fita. Wata Hajiya 'yar garinmu da ta zo sarin kaya a satin ita ta mayar da mu kan magana. Ta ce a bar Mushe da kunyarsa, a duba yaran. Ta ce tsoron a cinye kuɗi gaskiya ne, amma maganinsa sa ido, ba rufe makaranta ba.

Mun kai har kusan magariba muna ja-in-ja, don akwai waɗanda har aka tashi ba su yarda ba. A ƙarshe mafi yawa suka amince da sharaɗi biyu. Na farko, a cire masu tebur daga ƙarin, su da ke sayar da tattasai da ƙuli-ƙuli, a bar shi kan masu shaguna da manyan gidaje. Na biyu, duk abin da aka kashe a karanta shi da Hausa a gaban iyayen yara. Ni aka sa na rubuta amsar, amma sai da aka kira wani ɗan Nijar daga wani gari ya sake karanta musu abin da na rubuta. Ban ji haushi ba. Na fi shekara kafin a koma miƙo mini takarda ba mai duba bayana.

Majalisa ta amince, ko da yake ta rage wasu abubuwa. Ba duk aka yi ba, bencinan ma sai a shekara ta biyu suka iso. Amma makarantar ƙetaren gulbi ba a rufe ta ba, ta sami azuzuwan bulo biyu. Patantina ya hau, na biya, ban kuma talauce ba.

Abin da ya fi damuna daga baya shi ne yabo. Labari ya kai gida cewa Mushe ya yi kuskure amma imaninsa ya dawo da shi da kansa. Aka riƙa sa mini albarka, ni kuma alkawari ya ɗaure mini baki. Dattijon ya koma gida da bizarsa ta ƙare, bayan wasu shekaru Allah ya yi masa rasuwa. Na je ta'aziyya, na zauna cikin 'ya'yansa da surukansa na ba su labarin tun daga farko. Ba ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ji. Ɗiyarsa tana bayan zana tana saurare, na ji ta fashe da kuka.

Darasin da na ɗauka shi ne, wanda aka ba amanar karanta wa mutane abin da ya shafi aljihunsu da 'ya'yansu, ba shi da ikon zaɓar musu abin da za su ji. Na kuma gane ana iya gyara mutum ba tare da an karya shi ba. Da ya kunyata ni a cikin taro, na san kaina, da na kafe na kare ƙaryata har ƙarshe. Ya rufa mini asiri, ya bar ni na tsaya da ƙafata. Allah ya jiƙansa, ya rufa masa asiri ranar da ya fi bukata.