Ranar da Muka Ruga Wajen Wutar Bariki

Ko da zan manta da komai na rayuwata, ranar da rumbun makaman soja ya kama wuta kusa da ƙauyenmu ba za ta fita daga zuciyata ba. Ƙauyen namu yana kudu da Sinja, tsakanin gonakin auduga da babbar tur'a, wato magudanar da ke kawo mana ruwan noma. Gabas da mu akwai ƙaramin bariki, tafiyar da ba ta gajiyar da jaki. A lokacin ni ne mai unguwa.

Muna da wata al'ada da muka gada, ana ce mata faza'a. Idan wuta ta tashi ko wani ya faɗa ruwa, ladan yakan hau lasifikar masallaci ya yi kira, duk namiji mai lafiya ya jefar da abin da ke hannunsa ya ruga wurin. Wanda ya noƙe, sai an daɗe ana yi masa gori. Da wannan muke alfahari.

Kafin abin ya faru, wani hafsan soja ya zo ya same ni a rumfata. Muka sha shayi, sannan ya ce a cikin barikin akwai ɗakin harsasai da bama-bamai. Ya ce in mun ga hayaƙi daga wajensu, kada kowa ya matso, in kwashe mutane mu koma bayan tudun tur'a mu kwanta. Na ce insha Allahu. Amma lokacin tsinkar auduga ya kusa, na ji tsoron in maganar ta bazu, 'yan ƙwadago ba za su zo mana ba. Sai na haɗiye ta. Matata kawai na faɗa wa, ita ma cikin raha.

Ranar, bayan azahar ne, zafi kamar ƙasa za ta tsage. Aka ga baƙin hayaƙi ya miƙe daga gabas. Ladan ya leƙo ya tambaye ni ko ya yi kira, na ce yi mana. Wallahi bakina ne ya amsa kafin hankalina, don haka muka saba tun muna yara. Nan da nan maza suka cika hanya da bokitai da jarkoki. Ƙanena, wanda yake sayar da ruwa a amalanken jaki, shi ne a gaba da gangarsa cike.

Ina neman takalmina sai matata ta riƙe mini hannun riga.

"Malam, mi sojan nan ya ce maka? Ba wutar ga ce ya ce a guje mata ba?"

Ban kai ga amsa ba ƙasa ta girgiza. Kwanukan rufi suka yi kuka, tulun ruwa ya faɗi ya fashe. Rumbun makaman ne ya fara fashewa. Na ruga masallaci na karɓe lasifika daga hannun ladan, ina ta ihu a komo, a komo. A nan na gane abin da ban taɓa lura da shi ba: kira ɗaya kaɗai gare mu, kuma ma'anarsa a zo. Waɗanda suka yi nisa ba sa jin kalmomina, muryar lasifika kawai suke ji, sai suka ɗauka ana ƙara zuga su ne, suka ƙara sauri. Mata kuwa suka fito da goyo suka taru a ƙofar masallaci suna kallona, ba wadda ta san inda za ta nufa. Matata ce ta ɗaure zane ta ja su zuwa tur'a.

Ni kuma na bi hanyar gabas a guje. Ɓaraguzan bama-bamai suna wucewa ta sama suna fito, suna faɗawa cikin auduga, ƙura tana tashi. Na fara haɗuwa da mutanenmu suna dawowa, wani ba hula, wani yana jan ƙafa. Duk wanda na tare sai in tambaye shi ƙanena. Wannan ya ce yana gaba, wancan ya ce bai gan shi ba. Ina tafe ina tunanin abin da zan faɗa wa mahaifiyarmu, wadda take can bayan tur'a tana jiran 'ya'yanta biyu.

Na same shi kusa da shingen barikin. Jakin ya mutu a cikin kayan ɗaurinsa, gangar ta huje, ruwa yana bin ƙasa. Shi kuwa yana zaune jingine da tayar amalanken, jini yana zuba daga kunnuwansa. Na kira shi, bai waiwayo ba. Sai da na dafa kafaɗarsa ya ɗago.

"Yaya, ka iso? Bari in huta kaɗan mu ƙarasa musu da ruwan."

Na goya shi kamar yadda nake yi sanda yake ƙarami, muka bi cikin gonaki har tur'a. Allah ya kiyaye ba a rasa rai daga ƙauyenmu ba. Amma ƙanena bai sake jin sautin komai ba. Da ya warke na zaunar da shi, da hannu da baki na fahimtar da shi cewa an gargaɗe ni na yi shiru. Ya ce halas, wato shi ke nan, abin da ya wuce ya wuce, amma in je in faɗa wa jama'a. Ranar Juma'a na tsaya bayan salla na faɗa.

Daga nan muka rataya wani tsohon ƙarfen garma a bishiyar masallaci. In an ji lasifika, a zo. In an ji ƙarfe, kowa ya ɗauki yaro da tsoho ya nufi bayan tur'a. Duk shekara kafin zafi ya shigo mukan buga shi mu gwada, kuma kowane gida ya san maƙwabcin da zai ɗauko.

Abin da na koya shi ne, gargaɗin da aka ba shugaba amana ce ta mutane, ba shi da ikon ajiye ta don kare amfanin gona. Kuma jarumtar rugawa wajen wuta ba ta isa ba, sai an san wutar da ake guje wa. Har yau in an buga ƙarfen nan, mutum ɗaya ne a ƙauyen ba ya ji. Ni nake zuwa in kama hannunsa.