Tufkar da Ta Yi Hagu

Gwaggo mai saƙa da kitso ta fara sana'a, shi ya sa ko ulu ta kama sai ta yi masa tufka kamar gashi. Ran nan tana saƙa wa mijinta, direban babbar mota, abin ɗumama wuya da zare mai kauri. Bayan azahar zai kama hanyar wani gari mai sanyi, ga tari bai gama sakinsa ba. Saura ƙiris Gwaggo ta gama saƙar, ƙanwarta ta leƙo.

"Yaya, wannan tufkar ta ƙasan fa? Duk sun yi dama, ita ta yi hagu."

Gwaggo ta yi salati. Ta warware duka? Ai mota ba ta jira. Sai ta saki zaren tufkar nan kaɗai, ya sauka layi-layi kamar tsani har wurin kuskuren, ta juya shi, ta saƙo sama da tsinken kitso.

"Dama ana haka?"

"Ni ma yau na gwada."

Maigidan ya naɗa shi, ya shafa wuyansa. "Wacce ce ta karkace?"

"Ka nemo ta a hanya, malam."