Kunnen 'Yar Tsana

Tawa 'yar tsanar da ƙashi aka yi ta. Ƙashin ƙafar saniya ne kakata ta karɓo wurin wani mahauci a kasuwar Gwandu, ta dafa shi, ta kankare, ta manna masa danƙo a ka, ta kafa baƙin zare muka yi masa kitso. Ba ido, ba hanci, ba baki. Duk matar da ta gan ni goye da ita sai ta leƙa bayana ta ce, "Ke, wagga ɗiya uwarta ta biyo." Ni kuwa in yi ta taƙama, don abin ba shi da fuskar da za ta ƙaryata su.

Ta ɗiyata kuwa a kwali ta zo. Yayata ce ta kawo mata tsaraba har Kalgo, inda nake aure, lokacin yarinyar ba ta daɗe da shiga firamare ba. Ta roba ce, fara sol, ido shuɗi, gashi ruwan gemun masara har gadon baya, ƙugu kamar wuyan kwalba. Ƙafafunta a ɗage suke kullum, ko tsayuwa ba ta iya yi da kanta. Da muka je hutu Gwandu, Inna, mahaifiyata, ta juya ta gaba da baya ta ce, "Wagga daga jinya ta tashi? A dama mata hura." Aka yi dariya. Ɗiyata ta warce abarta ta goya da ɗankwalina, ta wuni tana jijjiga ta.

Ɗiyata baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi na dangin ubanta. Tana da kumatu da wushirya, ga cin tuwo kamar mai zuwa gona. Har zuwa wannan hutun ban taɓa ganin ta tsaya gaban madubi ba sai in za ta yi gwalo.

Yaran unguwa suka ce sai an yi suna, kamar yadda muka riƙa yi wa namu. Aka share gindin darbejiyar tsakar gida, aka kawo gyaɗa da alewa, aka kifa ƙwarya a ruwa ana kiɗa. Aka yi wa ɗiyata, maijego, lalle da kwalli, aka zaunar da ita a tabarma da jaririyarta a cinya. Manyan mata ma suka shigo barka, don wasan bai cika sai da su.

To, a wurinmu akwai abin da mata ke yi in sun je barka. Jariri da jan jiki yake zuwa, don haka ba fuskarsa ake dubawa ba. Saman kunnensa ake lanƙwasowa. In wurin ya yi duhu, an san nan gaba baƙi zai koma. Na ga an yi wannan tun ina goye, ban taɓa ɗaukarsa komai ba.

Wata maƙwabciyar Inna, mace mai bakin da ba ya hutawa, ta karɓi 'yar tsanar da bisimilla kamar gaske. Ta yaye gashin, ta kama ɗan kunnen roba, ta ƙura ido.

"Babu baƙi ko ɗis," in ji ta. "Hwara ta, hwara za ta zamna." Sai ta dubi ɗiyata daga sama har ƙasa. "To ke maijego, ina kinka samo ta? Uwa awa gindin tukunya, ɗiya awa madara? Anya ba musanya anka yi miki asibiti ba?"

Gida ya ɗauki shewa. Yayata ta fi kowa dariya, tana tafa hannuwan nan nata da man bilicin ya mayar jajaye ya bar gaɓoɓin yatsu baƙaƙe. Na ce, "Haba Iya, yarinya ta fa." Aka ce wasa ne, wai ni na cika zafin kai. Ɗiyata ma ta yi dariya, tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya don ta gane inda abin dariyar yake. Ta gane kuwa.

Da muka koma Kalgo ta daina goyon. Sai ta zaunar da 'yar tsanar a kan matashi, ta taje mata kai, ta yi mata fifita, ita kuma tana ƙasa a kan siminti. Na ce, "Maijego, yau ba goyo?" Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ni ba uwarta ba ce, Mama. 'Yar rainonta ce ni."

Daga nan abubuwa suka biyo. Wanka ya koma yaƙi, tana dirzar hannu da soso har fata ta yi ja ta tashi. Ta riƙa yafa wani tawul ruwan ɗorawa a ka tana karkaɗa shi wai gashi. Tuwon da take ci da miya har ta lashe kwano, sai ta ci loma kaɗan ta ture, ta tsaya gaban madubi tana shanye ciki. Yarinyar da haƙoran gabanta ba su gama fitowa ba!

Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau kuma bai gyaru ba. Na so in jefa robar nan a masai, ubanta ya ce in na yi haka na ƙara mata daraja. Na je wurin mahauci na samo ƙashi, na yi mata irin tawa da hannuna, har da kitso da 'yan duwatsun ado. Ta karɓa da ladabi ta ce, "Mama, wannan ai ƙashi ne." Na kira yayata a waya na zazzage mata abin da ke cikina. Ta ce ita alheri ta yi, kuma gara yarinya ta san duniya tun da wuri. Ina gaya wa ɗiyata kullum cewa kyakkyawa ce, takan ce to. Bakina ɗaya ne, na tsakar gidan nan kuwa da yawa ne, kuma su dariya suka yi, ni magana kawai nake yi.

Bayan damina na haihu, mace. Na je wankan jego Gwandu, ɗakin Inna ya cika da 'yan barka, ana ta miƙa jaririya hannu zuwa hannu. Na riga na faɗa cewa duk wadda ta taɓa mini kunnen ɗiya za ta ji abin da ba ta so, don haka kowa ya kama kansa, har maƙwabciyar nan.

Da ɗaki ya yi sauƙi bayan la'asar, babbar ta hau gado ta zauna kusa da ƙanwarta. Ta daɗe tana kallonta. Sai na ga ta sa ɗan yatsa a hankali ta lanƙwaso saman kunnen, daidai yadda ake yi, ba wanda ya koya mata. Wurin ya yi duhu.

Ta saki kunnen, ta gyara mata hula ta rufe shi sosai. Sannan ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya don kada jaririyar ta ji.

"Mama, irina ce. In mun koma gida ki ɓoye 'yar tsanar nan, kar ta gan ta."