Keken Baba da Soron Gidanmu

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu matsalar da laftof ɗina ba zai warware ba, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Da aka zo sallamarsa daga asibiti, likita ya ce daga yanzu sai keken marasa lafiya. Abin da ya dame mu shi ne ko keken zai shiga gidanmu na Gyadi-Gyadi.

Soronmu ginin da ne, irin wanda ake lanƙwasa hanyarsa sau biyu don kada na waje ya hango tsakar gida. Ba ya fasuwa, don bango ɗaya na maƙwabta ne. Baba kuma ya ce shi ba kaya ba ne da za a riƙa cicciɓarsa a gaban jama'a duk lokacin salla. Keken bai iso ba tukuna, awonsa kawai aka turo mana.

Yayata ta ce, "Mu bari ya zo mu gwada mana."

Na ce, "Haba Yaya, wannan ai aikina ne. Kafin la'asar za ki ji amsa."

Sana'ata ke nan a lokacin, gina siffofin abubuwa a kwamfuta, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Na auna soron, na gina shi daidai, na gina keken. Sai dai kwamfuta ba ta iya gwada karo da abu mai loko kai tsaye. Dole a farfasa siffar zuwa dunƙule-dunƙule marasa loko, kuma akwai wata manhaja ta kyauta da ke yin wannan. Kai za ka gaya mata gutsure nawa kake so. Idan sun yi yawa, aikin ya yi nauyi. Idan sun yi kaɗan, sai ta cike lungu, kamar ka ɗame leda a bakin kwano, ramin ya ɓace.

Na fara da gutsure masu yawa. Laftof ya ɗauki zafi, fankarsa na ta ihu, ga shi an ɗauke wuta, batir na zuba. Sai na rage su zuwa takwas, ban ko buɗe na duba yadda ta yayyanka soron ba. Na tura keken a allo, ya maƙale a lanƙwasa ta biyu. Na sake, ya sake maƙalewa. Kafin la'asar ɗin kuwa na kira Yaya na ce ba zai shiga ba.

Haka aka wuce da Baba gidanta a Tarauni. Ta ba shi ɗaki mai kyau, ba ta rage shi da komai ba, amma kullum fuskarsa na kallon ƙofa. Can ba shi da abokan hira, ba ya jin muryar ladanin da ya saba. Wata rana ina ba shi kunu ya riƙe hannuna, harshensa da nauyi, ya ce, "Yaushe za mu koma gida?"

Na ce, "Baba, keken ba zai wuce soro ba."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

Ya ce, "To shi ke nan. Allah ya yi maka albarka." Bai ƙara tambaya ba. Babu kuma wanda ya yi tunanin gwadawa da keken ya iso, tunda mai ilimin gidan ya riga ya yanke. Watansa bakwai a ɗakin nan ya rasu.

Bayan arba'in Yaya ta ce in kai keken sadaka ga wata tsohuwa a layinmu. Na ɗauko shi a adaidaita sahu, na tarar an kai ta asibiti, sai na ce bari in ajiye a gidanmu kafin su dawo. Na tura shi cikin soro ina jiran ya daki bango. Ya wuce lanƙwasar farko, ya wuce ta biyu, har da ragowar yatsu huɗu. Na tsinci kaina a tsakar gida riƙe da keke babu kowa a kai.

Ranar na buɗe tsohon aikin, na nuna dunƙulen a allo. Ga shi nan, guda ɗaya ya haɗe bango biyu ya toshe kusurwar, katangar da ba ta taɓa wanzuwa ba. Na ƙara yawan gutsuren, na jira abin da bai kai dahuwar shinkafa ba, keken ya wuce salin alin.

Na daɗe kafin na iya gaya wa Yaya. Da ta ji, ta ce, "Da ka bar ni ban sani ba."

Har yau ina wannan aikin, kuma ba na miƙa komai sai na duba kowane dunƙule da idona. Masu ba ni aiki suna yabon haƙurina, ni kuwa na san a ina na koye shi. Na yarda kwanan Baba ne ya ƙare, ko a ina yake sai ya tafi. Amma wata bakwai ɗin nan a gidansa ya kamata ya yi su, kuma ni na hana shi, don ina sauri in cika alkawarin la'asar.