Yaya Ovila da Sukundireba

Yayana Ovila Boulianne ya yi shekara ashirin da biyu a ɗakin injin manyan jiragen ruwa. Ya dawo garinmu Tadoussac kunne ɗaya ya mutu, ɗayan ma sai an yi ihu. Ko sannu ba wanda ya ce masa. Amma bai daina sauraron inji ba: sai ya kafa bakin sukundireba a jikin ƙarfe, ya ciji ƙotar, ƙarar ta bi haƙoransa ta shiga kai.

Daga baya ya kama tuƙin ƙaramin jirgin da ke kai katako da siminti ƙauyukan bakin kogi. Duk inda ya hango beluga, fararen dabbobin ruwan nan namu, da jariransu, sai ya rage gudu har jirgin ya koma rarrafe. Da murya uwa take kiran ɗanta a ƙarƙashin ruwa. In farfela na ruri, ɗan ba ya ji.

Kaya suka riƙa makara. Mai jirgin, Fernand, ya tare shi a bakin gaɓa, ni kuma na kawo abincin rana.

"Kai kurma, renon kifi na ɗauke ka?"

"Ba kifi ba ne, maigida, nono suke sha." Yaya ya tada injin, ya kafa bakin sukundireban a jikin ƙarfe, ya nuna masa ƙotar. "Ciji nan."

Fernand ya ciza. Nan take ya tofar, ya dafe muƙamuƙi.

Yaya ya ce, "A cikin wannan ƙarar suke wuni. Ranar da 'yata Solange ta faɗa ruwa tana kirana, ina kusa, ban ji ba. Maƙwabci ne ya tsamo ta."

"Allah ya kiyaye gaba. Gobe ko ka ba jirgi wuta, ko ka ajiye mini makulli."

Washegari Yaya ya hango belugan, ya rage gudu kamar kullum. Da yamma ya ajiye makulli. Shekararsa hamsin da takwas, kuma wa zai ɗauki kurma aiki? Bai ƙara riƙe sitiyari ba.

Yanzu har manyan jirage kan rage gudu a mashigar kogin saboda belugan, masu digiri na ta jawabi kamar su suka fara ganowa. Yaya ya rasu bara. Fernand ya zo jana'iza da furanni, na ce ya koma da abinsa.

Sukundireban yana wajena. Ƙotar duk shatin haƙora ce.